Ƙarar Zabuwa a Kan Gaggafa

A wani daji da kogi ya raba biyu, dabbobi suna da tsohuwar doka: kada kowa ya ƙetare ruwa ya yi kisa a ƙasar wani ba da izinin masu ƙasar ba. Idan an kawo ƙara, majalisa takan aika a bi sawu a bakin kogi. Wanda aka ga sawunsa, shi ne mai laifi.

A ƙetaren gabas akwai Kumurci, shugaban macizan da suka addabi kowa da haɗiye ƙwai. Wata rana da hantsi yana shan rana a kan suri, sai Gaggafa ta taso daga yamma ta sure shi. Surin ya rufta a kan sheƙar Zabuwa. Cikin 'yan tsakinta tara, biyu suka rage.

Zabuwa ta ƙetare kogi zuwa yamma, ta kai ƙara gaban Alƙali Kunkuru.

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ban zo kukan Kumurci ba, ni ma ya sha cinye mini ƙwai. Amma ba a tambaye mu ba, ba a ce mu kauce ba. Kuma na ji an ce ƙaninsa ya gaje shi, yana kwana kusa da mu. Roƙona ɗaya, a hana Gaggafa dawowa, ko biyun nan sa yi fiffike."

Gaggafa ba ta sauko ba. Daga ƙololuwar tsamiya ta ce, "Malam, shekara nawa kuna zama a kan Kumurci? Kun yi tir da shi sau goma sha ɗaya, bai rame ba. Na kare gidana, na kare naku. Batun 'yan tsaki kuwa, ina taya baiwar Allah baƙin ciki."

Aka tura Dila bin sawu. Ya dawo yana karkaɗe ƙafa.

"Ranka ya daɗe, na duba gaɓa biyu. Babu sawun Gaggafa ko ɗaya. Na mai ƙara ne dai na gani, ta ƙetaro yau da safe."

Zabuwa ta ce, "Malam, ai ta sama ta zo. Kowa ya gani."

Kunkuru ya ɗaga kai ya dubi tsamiya, ya dubi faratan da ke riƙe da reshe, ya daɗe yana nazari.

"'Yata, doka sawu ta sani. Kakanninmu da suka kafa ta masu ƙafa ne. Inda babu ƙasa, nan ake gardamar kokawa, mu kuwa ba ma gardama. Majalisa ta nuna damuwa ƙwarai. An sallami ƙara. Ke ma an yafe miki ƙetarowa."

Aka yaba da adalcin Malam. Shaho da Shirwa, waɗanda kowannensu ke da nasa abokin gaba a wani ƙetaren, suka nemi a maimaita musu hukuncin a hankali.

Tun daga ranar, iyaye a dajin nan sai sun koya wa ɗa kallon sama kafin su koya masa gaisuwa.