Rasuwar Subira, Motar Festo Mlelwa, a Hanyar Chalinze

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannayen da baƙin mai bai gama fita daga faratansu ba, Festo Mlelwa na garin Njombe yake sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da manoman dankalin da suka saba jiran ta a bakin gona, rasuwar motarsa a-kori-kura wadda kowa ya sani da Subira. Ta cika ranar Talata da la'asar, tsakanin Morogoro da Chalinze, tana da shekara talatin da huɗu a duniya, ashirin da shida daga ciki a hannunsa.

Marigayiyar mai haƙuri ce. A sanyin Yuli, lokacin da raɓa ke daskarewa a kan gilashinta, tari biyu take yi, "kyar-kyar, kyar-kyar", sai ta ce "gurum", ta kama aiki. Ta ɗauki dankali da katako da amare, ta kai gawa tara makwancinsu ba ta karɓi ko sisi ba. Aibinta guda ne: shan mai.

Duk tsawon shekarun nan likitanta ɗaya ne, dattijo Kiswaga bakanike. Da kunne yake saita kafiretarta. Yakan jingina da ita, ya lumshe ido, yana murɗa sukudireba a hankali har muryarta ta daidaita, sannan ya zare fulogi ya duba launinsa. In ya ga ruwan ƙasa kamar shayi da madara, sai ya ce, "Tafi da ita, Baban Tulizo, ta ƙoshi."

Ciwon ajalinta ya faro ne daga wata kyauta. Tulizo, 'yar Festo da ke aure a Dar es Salaam, ta aiko masa da agogon auna iska da mai. Ana ɗaura hancinsa a jikin salansa, fuskarsa kuma a gaban direba, yana nuna kashi nawa na iska inji ke haɗawa da kashi ɗaya na fetur. In lamba ta yi ƙasa, mai ya yi yawa. In ta yi sama, inji na fama da ƙishi. Ranar da aka ɗaura shi, saitin Kiswaga ya nuna sha biyu da rabi, takardar agogon kuwa ta ce daidai shi ne sha huɗu da ɗigo bakwai. Festo ya yi dariya a gaban mutane, ya ce, "Dattijo, ashe shekara ashirin da shida kana shayar da kwalta man nawa!"

Kiswaga ya goge hannu ya ce, "Agogonka bai yi ƙarya ba. Amma bai san inda za ka gobe ba." Tun daga ranar bai sake taɓa Subira ba.

Festo ya yi sati uku yana aikin da kansa. Ya cire 'yan bututun da ke fesa mai a cikin kafireta, ya sa masu ƙaramin rami, ya hau tudu ya gangaro idonsa na kan lamba, har ta zauna inda yake so. Tsofaffin bututun ya jefa su cikin gwangwanin shayi a kan taga. Subira ta rage shan mai, muryarta ta yi siriri, shi kuwa yana tare mutane a kasuwa yana nuna musu agogo.

Da asubahin Talatar aka bugo waya cewa naƙuda ta zo wa Tulizo da gardama, an wuce da ita asibiti. Motar na ɗauke da buhu goma sha biyu na dankali, ba a tsaya saukewa ba. Matarsa Yusta ta shiga gaba da ƙunshin kayanta, suka kama hanyar Dar es Salaam.

Abin da Festo ya sani amma ya manta shi ne Njombe a kan tudu take, iskarta shakaf ce. Da suka gangara tsaunin Kitonga suka faɗa kwari, iska ta yi kauri, man da ya ƙayyade mata ya kasa isa. Lamba ta hau sha shida. Bayan garin Mikumi ta taɓa sha bakwai, inji ya fara wani sauti, "kas-kas-kas", kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Ya gani, ya kuma ji. Ya ce bari su tsaya ta huce.

Yusta ta ce, "Baban Tulizo, 'yarka na kan gadon fiɗa kana lallashin ƙarfe? Ko ka taka, ko ka sauke ni in hau bas."

Ya taka. Marigayiyar ba ta ƙi ba, ta ja kusan kilomita ɗari da hamsin a haka. A wani ɗan hawa ta yi "fam" sau ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, ta gangara gefen titi da kanta, ta yi shiru. An tarar fistin na uku ya huje, ramin ya isa babban yatsa ya shige.

Yusta ta hau bas. An yi wa Tulizo aiki, ta sami 'ya mace, uwa da jaririya suna lafiya. Festo ya yi kwana biyu a bakin titi yana gadin gawa da dankali kafin a samu babbar motar da ta jawo su gida. Har yau bai ga jikarsa ba. Abinci ma sai an matsa masa. Abin da ke cin sa, in ji shi, ba a ɓoye masa komai ba: lambar na gabansa da jan haske tun daga Kitonga.

Subira ta rasu ta bar mai ita, da uwargida Yusta wadda ta aiko daga Dar es Salaam cewa ba za ta yi wa ƙarfe makoki ba, da tayoyi huɗu masu sauran kwana, da manoma bakwai da dankalinsu ke jibge a gona babu mai kai shi kasuwa. Ta bar agogon ma, lafiyarsa ƙalau.

Za a sauke injin ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a ƙofar gidan mamaciyar. An aika wa dattijo Kiswaga har sau biyu a roƙe shi ya jagoranci aikin, ya ce a faɗa wa Festo ya zo da bakinsa. Festo ya ce zai je ranar Juma'a. Za a ba da shayi da dafaffen dankali. Masu neman kayan gyara su dakata sai bayan kwana arba'in. Masu zuwa ta'aziyya da mota kuma ana roƙon su kashe ta tun daga bakin coci su ƙaraso da ƙafa, domin mai makokin bai iya jin ƙarar inji mai lafiya ba tukuna.