Ofishin Kowa Daidai Faɗin Jiharsa

Idan ana lissafin manyan masanan zamanin nan aka tsallake Yallaɓai Murabba'i, to a sake lissafi. Mutum ne da Allah ya hore wa wani irin ilimi da ba ya ciyar da kowa, ba ya warkar da kowa, amma kuma ba ya ƙarewa: ya san faɗin kowace ƙasa a duniya. Ka tare shi a bakin matakala ka ce masa ina kwana, kafin ya amsa ka riga ka ji cewa Rasha ta haura murabba'in kilomita miliyan goma sha bakwai, Kanada na biye da ita daga nesa. Nan ya samo sunansa. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne, in an kira har da "na'am" yake amsawa.

Aikinsa a ma'aikatar shi ne kula da ɗakuna da tebura da kujeru. Wani zai ce ƙaramin aiki ne. Wannan wanin bai taɓa neman kujera mai ƙafa huɗu a hannun Yallaɓai ba.

Ga kuma sa'a: jiharsu ce mafi faɗi a ƙasar. Gaskiya rabinta duwatsu ne, sauran rabin kuma sai ka yini a mota ba ka ga wanda za ka tambayi hanya ba. To amma Yallaɓai bai taɓa cewa mutane yake ƙirgawa ba, ƙasa yake aunawa. Shi ya sa in ya shigo da safe yake buɗe hannuwa kamar mai ɗauke da katifa, don wanda ya fito daga wuri mai faɗi ba ya tafiya a takure.

Da aka mayar da ma'aikatar sabon gini, sai rabon ofisoshi ya faɗo hannunsa. Ofis ɗaya kowa ya sa wa ido: na saman bene, mai tagogi uku, da na'urar sanyaya ɗaki, da banɗakinsa a ciki. Yallaɓai yana son ofishin nan kamar ransa. Sai dai shi ba mai son kai ba ne, mai bin ƙa'ida ne. Don haka ya zauna ya ƙirƙiro ƙa'idar, ya tara ma'aikata, ya gyara murya.

"Jama'a, an daɗe ana rabon ofis da son rai. Wannan ya ce ya daɗe a aiki, wancan ya ce yana da digiri. Daɗewa tsufa ne, digiri takarda ce. Ƙasa kuwa ba ta ƙarya. Daga yau, ofishin kowa daidai faɗin jiharsa. Ni ban zaɓi inda aka haife ni ba. Nauyi ne aka ɗora mini, kuma zan ɗauka."

Ya ɗauka kuwa, har da mukullin banɗakin.

Saboda tsabar adalci, ya ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar: duk ranar da taswira ta canza, rabo ya canza, babu roƙo, babu ɗaukaka ƙara. Darakta, wanda ke zaune can hedikwata, bai taɓa karanta takardar da ta wuce shafi ɗaya ba. Ya sa hannu, aka buga hatimi, aka manna a allon sanarwa.

Uwar Fayil, dattijuwar da ke kula da takardu, jiharsu ce ta biyu, ta samu ofishin da ke kusa da nasa. Ta ce an gode. Injiniya kuwa, shekara ashirin da biyu yana aiki, jiharsu 'yar mitsitsiya ce a bakin teku. Shi aka ba ɗakin ƙarƙashin matakala, wanda sai ka sunkuya ka shiga, ka zauna a sunkuye, ka fito a sunkuye. Abin ya ba kowa tausayi. Injiniya ya hau sama wurin Yallaɓai da takardar rabon a hannu.

"Ranka ya daɗe, ai muna da teku. A sa mana ruwan a lissafi mana."

"Ruwa ba ƙasa ba ne, Injiniya. Ka taɓa ganin an kafa tebur a kan ruwa?"

Shekaru suka yi wa Yallaɓai daɗi. Wata rana aka turo wani baƙo daga wata ƙaramar ƙasa don ya koya wa ma'aikata aiki da sababbin kwamfutoci. Yallaɓai ya tambaye shi ƙasarsu, ya lumshe ido ya yi lissafi, sannan ya sa aka janye kujera mai hannu aka kawo masa benci. "Kada ka damu," in ji shi, "ƙasarku za ta shiga jiharmu sau goma sha ɗaya, har a samu wurin ajiye motoci." Baƙon ya yi murmushi, ya koya wa kowa aikin, ya bar kwamfutar Yallaɓai a cikin kwalinta.

Ana nan sai dattawan garinsu suka zo da buƙata. Suna so a yanka musu sabuwar jiha daga tsohuwar, garinsu ya zama babban birni, kuma sun duba sun hanga ba su ga wanda ya san taswira kamarsa ba. Ɗayansu ya kira shi uban jiha. Shi ke nan, kai ya kumbura. Ya karɓi shugabancin kwamiti tun kafin a gama yi masa tayi.

Da hannunsa ya zana iyakar, a kan teburin cin abinci na gida, da rula da jan biro. Matsala ɗaya ce: akwai wani babban gari a gabas, in ya shigo zai ƙwace musu zama babban birni. Ya matso da layi. Akwai wani a kudu, mai tashar jirgin ƙasa. Ya sake matsowa. Na yamma yana da asibiti mai hawa uku, shi ma aka bar shi a waje. Matarsa ta zo kwashe kwanuka, ta leƙa.

"Baban yara, wannan abin da ka zagaye, ka auna shi kuwa? Ni dai na ga ko gindin kofi bai kai ba."

"Ke dai ki bar harkar taswira ga masu ita. Ku da jiharku za ta shiga tamu sau tara."

"Wace taku? Tsohuwar ko wannan?"

Shi kuwa yana can yana gwada sa hannu irin na uban jiha a bayan ambulan.

Shekara uku yana faɗi tashi, ya yi uwa ya yi makarɓiya, ya bi ofis-ofis har takalminsa ya cinye. Daga ƙarshe aka amince. Washegarin sanarwar ya shigo ma'aikata da sababbin kaya, hannuwa a buɗe fiye da kullum, yana jiran barka. Sai ya tarar da jama'a sun yi cincirindo a gaban allon sanarwa. Injiniya ne a gaba, bayansa ya ɗan ranƙwafa saboda zaman ƙarƙashin matakala, amma idonsa tar. Ya riga ya yi lissafin, ya manna sabon jeri. Uwar Fayil ce ta ɗaya. Injiniya ya hau mataki guda. Sunan Yallaɓai sai da aka duƙa aka karanta shi.

Amma masani ba ya rasa hujja.

"Jama'a, wannan lissafi ne na jahilci. Jiharmu duwatsu ce. Ku ɗauka an goge ta da dutsen guga, an miƙar da kowane tudu. Wallahi sai ta ninka uku! Ga kuma madatsar ruwa, wa ya sa ta a lissafi?"

"Ruwa ba ƙasa ba ne, ranka ya daɗe," in ji Injiniya, cikin ladabi.

Ya rubuta wa Darakta koke mai shafi bakwai. Bayan mako biyu aka dawo masa da shi, an maƙala tsohuwar takardarsa a sama, an ja layi a ƙarƙashin "babu roƙo, babu ɗaukaka ƙara". Ranar da aka kwashe kayansa, tebur ya ƙi shiga ɗakin ƙarƙashin matakala, kujerarsa mai juyi ma ta ƙi. Ya miƙa wa Uwar Fayil mukullin banɗaki. Ni kaina da na gan shi a sunkuye, ana taka matakala a saman kansa, sai da na ji wani abu a raina, amma bai daɗe ba.

Duk da haka bai saduda ba. Ya ce shi bai yarda da lissafin Injiniya ba, sai ya ga sabuwar taswirar hukuma da idonsa. Da ta iso, Uwar Fayil ce ta sauko da ita da kanta, tana gyara mayafi saboda sanyin sabon ofis ya yi mata yawa. Ya shimfiɗa taswirar a gwiwa, ya sa tabarau, ya dafa yatsa yana dubawa. Ya duba gabas, ya duba yamma. Can sai fuskarsa ta washe.

"Kun gani! Taswirar banza ce. Babu jiharmu a ciki sam. Tunda babu ita, lissafi ya rushe, kowa ya koma ofishinsa!"

Uwar Fayil ta sunkuyo, ta leƙa a hankali.

"Yallaɓai, ɗan ɗaga yatsanka. Tana ƙarƙashi."