Turken Jaki a Bakin Teku

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa a ka, amma ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na kusa raba wani dattijo da jirginsa ba. Ni ɗan Kwaya ne, nan ƙasar Magarya. Zamanin Faransa aka ɗebe mu soja, aka yi ta jan mu a kamiyo, wato babbar mota, da jirgin ƙasa har aka sauke mu a Ndar, can ƙasar Sanigal, garin da Nasara ke kira Sanluwi. Kafin nan babban ruwan da na sani shi ne tabkin bayan garinmu, wanda ke cika da damina, rani na yi ya koma wurin buga tubali.

A bariki na yi aboki, sunansa Ablay, ɗan garin ne, ubansa masunci. Da guntun Faransancin soja muke hira, inda ya ƙare mu cika da hannu. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai "Damagaram". Ni kuwa na ishe shi da cika baki: mu ne masu raƙuma, mu ne masu shanu, mu ne in muka ɗaure dabba ba ta motsi sai mai ita ya zo. (Ko raƙumi ɗaya babu a gidanmu. Jaki ne guda, shi ma sai ya ga dama yake tafiya.)

Ran nan sarjan ya sake mu, Ablay ya ce in zo in ga garinsu. Jama'a! Gari ne sukutum zaune a tsakiyar kogi. Sai ka bi ta wata doguwar gadar ƙarfe kafin ka shiga, ina tafiya ina hango ruwa yana wucewa ƙarƙashin ƙafata, ina salati a zuci don kada Ablay ya ji. A ciki benaye ne jere, wannan ja, wannan rawaya, kowanne da baranda, mata na leƙowa daga sama da manyan ɗankwalaye. Kekunan doki na kai da kawo. Har masallaci na gani mai agogo a jikin hasumiya. Na yi ta ɗaga kai sai da hular soja ta faɗi, wani mai keken doki ya taka mini ita.

Muka tsallake wata ƙaramar gada zuwa unguwar masunta, muka ratsa tsakanin gidaje, kawai sai ga teku.

Wallahi ƙafafuna suka ƙi gaba. Ruwa ne har inda ido ya ƙare, yana tasowa yana faɗuwa yana ruri, ba mai tura shi. Innata ta faɗo mini a rai, yadda take jan guga a rijiya har tafin hannunta ya yi kanta, sai na ji hawaye. Na duƙa na ɗiba na kai baki, na ji gishiri zalla. Na ce Allah mai iko, ga ruwa ga gishiri wuri ɗaya, mu kuwa sai ayari ya zo daga Bilma.

A gidansu Ablay an shirya mini karramawa. Ubansa, Baba Mbay, zai kai mu a jirginsa can ƙasan kogi, kusa da inda yake haɗuwa da teku, mu ci abinci a kan rairayi. Dogon kwalekwale ne mai fenti kala-kala, kuma shi kaɗai gare su. Ablay ya ce mini da shi ake cin tuwo a gidan, da shi aka aurar da yayyensa. Na ga dattijon ya shafa gefensa kafin ya shiga, kamar yadda Babana ke shafa wuyan jakinmu.

Tafiyar kam ba a magana. Na ƙanƙame katako har yatsuna suka sage, amma idona bai huta ba. Benaye suna ja da baya, wasu manyan tsuntsaye masu jaka a wuya suna sauka a ruwa, kifi na tsalle kusa da gwiwata. Inna Kumba, uwar Ablay, tana zaune kan tukunya hankali kwance, tana kallona tana murmushi.

Da muka sauka kowa ya ɗauki kaya, ni aka hana ni, wai baƙo ne. Raina bai so ba. Na fizge igiyar jirgin na ce wannan aikin dai namu ne.

Ablay ya nuna wani kututture can saman tudu. "Damagaram, kai ta can ka ɗaure."

Suka haye tudu suka bar ni. Na dubi kututturen, na ga nisa. A garinmu wanda ya yi wa jaki doguwar igiya, gobe yana gaban mai gari kan ɓarnar gona. Na ce mutanen ruwa dai ba su san ɗauri ba. Na samo wani guntun icce, na kafa shi a jiƙaƙƙen rairayi dab da hancin jirgin, na danna shi da takalmin soja, na naɗe igiya na rage ta, na yi ƙullin da Babana ya koya mini. Har na ja da baya ina yaba aikina. (Na ma ɗaga kai na duba sama, na ga ko ɗigon hadari babu. To me zai faru?)

A bayan tudu aka shimfiɗa tabarma saboda iska. Inna Kumba ta juye shinkafa ja a babban kwano, ga kifi kwance a tsakiya, ga rogo, ga kabeji, ga gauta, ga tsamiya. Ni da na saba da busasshen kifi a miya ran kasuwa, shi ma sai an yi rabo! Tana gutsuro tsoka tana jefowa gabana, ina cinyewa tana ƙarowa. Na ci har na kwance ɗamara. Aka ɗora shayi, ni kuma na miƙe in je in wanke hannu.

Ban kai inda na nufa ba, ruwan ne ya taro ni. Inda muka taka ɗazu duk ya shafe, yana ta hawowa a hankali yana lasar rairayi. Na dubi sama, rana tsaka, garau. Na ƙwala kira: "Ablay! Zo ka ga ikon Allah! An yi ruwa ne a wani gari?"

Suka hayo tudu. Ba wanda ya kalli abin da nake nunawa. Can suke kallo, inda jirgin ke tafiya abinsa, iska na tura shi tsakiyar kogi, turkena na biye da shi yana yawo kan ruwa.

Baba Mbay bai yi ihu ba. Hannu biyu ya ɗora a ka ya zauna daɓas a rairayi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ablay ya tuɓe riga ya faɗa ruwa. Ni kuma, don kada a ce ban yi komai ba, na bi shi da gudu, da takalmi da komai, ina daka wa jirgin tsawa irin wadda nake yi wa jakinmu: "Kai! Tsaya nan! Ina za ka?"

Jirgi bai tsaya ba. Ruwa ya kwashe mini ƙafa, na kifa, na sha gishirin da nake yabo ɗazu har ta hanci. Na tabbata kwana ya ƙare. Na yi kalmar shahada da ƙarfi, na kira sunan Innata, na roƙi gafarar mutanen Kwaya kaf. Sai na ji an damƙi wuyan rigata an ɗaga ni sama.

Inna Kumba ce. Tana tsaye, ruwan ko cinyarta bai kai ba, ludayi na ɗaya hannun. Ta dube ni ta faɗi kalmar da sarjan ke faɗa mana in yana so mu miƙe: "Debu!"

Na miƙe. Sojan Faransa guda, ruwa iya gwiwa.

Allah ya rufa asiri, Ablay ya cim ma jirgin ya tuƙo shi. Baba Mbay ya zagaya shi yana shafawa, sannan ya ɗauki turkena da igiya a jiki. Ya yi ya yi ya kwance ƙullin, ya kasa. Ya faɗi wata magana, Inna Kumba ta yi dariya har da riƙe ciki.

Na tambayi Ablay: "Me Baba ya ce?"

"Ya ce ƙullin ya yi, bai taɓa ganin irinsa ba. Wai in ka tashi komawa ka tafi da shi garinku, inda ƙasa ke zama wuri ɗaya."

A hanyar dawowa Ablay ya gaya mini haka ruwan ke yi kullum, ya hau ya sauka, ya sake hawa ya sauka, tun kafin a haifi kakanninsa. Na tambayi wa ke koro shi. Baba Mbay ya nuna sama da yatsa ya ci gaba da tuƙi. Ina rawar sanyi, kunya ta ishe ni, amma na kasa daina kallon ruwan.

Da na dawo Kwaya na ba dattawa labari a gindin tsamiya. Na ba su na gada, na benaye, na masallaci mai agogo, duk suka yarda. Da na zo kan ruwa sai Babana ya katse ni.

"Ya taso ba hadari? Ya kuma koma da kansa? Kullum?" Ya girgiza kai. "Kai dai soja ta koya maka ƙarya."

(Labarin ludayi ban ba su ba, sai yau.)

Abin da na koya bai da yawa: in ka je garin mutane suka ce ka ɗaure can sama, ka ɗaure can sama, tambaya ta biyo baya. Har gobe in na kai jaki tabki, sai na ja shi can nesa gindin gawo nake ɗaurewa. Jikokina na yi mini dariya, wai Kaka yana tsoron ruwan da ko kwaɗo bai nutsewa a ciki. Ina ƙyale su. Su ba su taɓa ganin ruwa ya taso da rana tsaka ba.