Ni da Ƙoran Kaka a Cikin Rumbu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da masu ɗaukar fim daga Amurka suka zo gidanmu a Kebbe. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Ina koyar da Turanci a Tambuwal, shi ya sa aka ce ni zan yi musu tafinta. Fim ne na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, kan baƙar fata da sana'o'insu na hannu, kuma Kakata suke son gani, don duk garin ba wanda ya kai ta iya zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi. Tsohuwa ta yi ta murna, tana cewa duniya za ta ga aikinta kafin ta mutu.

Ni kuwa da na leƙa ɗakinta sai kunya ta kama ni. Ƙorai ne jere har sama, duk hayaƙi ya dafe su. Yaya Turawa za su ga wannan? Da sassafe, tana gidan suna, na kwashe su kaf na zuba a rumbu. Na aro kulolin roba masu fure da labule mai sheƙi daga ɗakin amaryar maƙwabta na jera (har turare na fesa, Allah ya yafe mini).

Motarsu ta iso daidai da dawowar Kaka. Na sheƙa a guje cikin babbar rigar aro, na damƙe hannun Baturen da ke riƙe da kyamara ina zuba masa Turanci. Wata baƙar mata da ke bayansa, wadda ta fi ni baƙi, na miƙa mata jakarsa na ce ta shigo da ita. Ashe ita ce mai fim ɗin, shi ɗan aikinta ne. Ta karɓi jakar ta riƙe.

Muna shiga ɗaki ta tsaya tana kallon robobi. Cikin sanyin murya ta ce ta ƙetaro teku ne don ta ga abin da wataƙila hannun kakanninta ya taɓa yi, ina ƙoran? Dole na fassara wannan tambaya da bakina.

Kaka ta dubi bango, ta dube ni. "Kai maigidana, ina kak kai mini ƙoraina? Mi nika nuna ma baƙuwa, robar amarya?"

"Suna rumbu, Kaka," na ce, murya kamar ta ɗan tsako.

"To hau ka ɗauko su!"

Haka na hau, na zura kai da rabin jiki, ƙafafu a sama, ina miƙo ƙorai. Biyu sun tsage. Kaka ta shafa su ta ajiye gefe. Ban san kyamara na aiki ba.

Da aka gama fim ɗin suka turo, aka haska shi a makarantarmu. Kaka ta fito tsaf, hannunta na zane, mutane na tafi. Sai ga ƙafafuna suna wutsilniya a bakin rumbu. Tun daga ranar ɗalibai ke kirana Malam Rumbu.

Yanzu in an ce baƙi za su zo, shara kawai nake yi. Kuma kowa yana ɗaukar jakarsa da kansa.