Yadda Ake Shirya Motar Tsere Don Ɗanka Ya Zo Na Ƙarshe

Kai uban da ɗansa ya tashi wata safiya ya ce shi tseren mota zai yi, zauna ka sha ruwa. Ga hanya an gwada ta a cikin garin Gomben nan, a shekarun da ko murfin tukunya ne ya faɗi sai unguwa ta watse. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗanka zai sayi motarsa, ya shiga tserensa, ya dawo gida da ƙafafunsa ya ci tuwo. Wanda ya gwada shi ne Malam Bakari na unguwar Malam Inna, mai sayar da zare da maɓalli a Kasuwar Gombe, mutumin da ko fanka ce ta cika gudu sai ya tashi ya rage ta.

Mataki na 1: Kada ka ce a'a

Ranar da ɗansa Abdulgafar ya durƙusa ya ce zai sayar da bijimin da kakarsa ta ba shi ya sayi tsohuwar motar tsere, Malam Bakari ya hau lissafi a ransa. Bijimin dai na yaron ne. In ya hana, yaron zai je ya ari motar abokinsa Hudu, wadda ba wanda ya san halin birkinta. Ga kuma babbar matsala: Abdulgafar ɗan fari ne. A gidansu ko sunan ɗan fari ba a kira, balle uba ya dube shi ido da ido ya ce yana tsoron rasa shi. Da ya yi haka, da labari ya kai rugar danginsu, goggonni sun yi ta salati.

Don haka ya ce, "To." Ya shiga ɗaki ya kwanta rigingine yana kallon silin.

Matarsa Kadijatu ta biyo shi. "Malam, 'to' fa na ji ka ce."

"Me zan ce? Ke ki yi masa magana mana."

"Ni? A kan ɗan fari? Rufa min asiri."

Kai ma ka ce "to". Ba yarda ka yi ba, lokaci kake nema.

Mataki na 2: Bi shi wurin dillalai, amma ka ce hanya ce ta biyo da kai

Za ka tarar da motar ja ce, ƙofa biyu, cikinta na shafar ƙasa kamar ƙadangare. Dillali zai daki bonet ya ce, "Alhaji, wannan ba mota ba ce, jirgi ne aka cire wa fukafuki."

Malam Bakari ya tambaya, "Yaya birkinta?"

Dillalin ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Birki kuma? Ai mai sayen irin wannan ba ya tambayar birki."

Kada ka suma a nan, akwai mutane. Zagaya ka nemo wadda ta fi kowacce tsufa, wadda sai an tura take tashi, ka tsaya kusa da ita kana taɓe baki kamar ba ta yi maka ba. Saurayi yana son abin da ubansa ya raina. Ita Abdulgafar ya zaɓa.

Mataki na 3: Nemi bakanike mai 'ya'ya

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Kada ka kai motar wurin bakanike saurayi ɗan'uwansa, zai ƙara mata wuta ne. Malam Bakari ya sa aka kai motar garejin Titus a Kumbiya-Kumbiya, mutumin Kaltungo wanda gidansa ke cike da samari, kansa kuma duk furfura saboda su. Da sassafe, kafin yaron ya iso, ya lallaɓa shi kaɗai.

"Titus, ina so motar nan ta yi gudu." Ya waiwaya hagu da dama. "A ido."

Titus ya ajiye sufana ya goge hannunsa. "A ƙasa kuma fa, Baba?"

"Kamar wadda ta ɗauko ƙwai."

"Na gane. Nawa ma babban haka yake, sai dai shi babur ne ciwonsa."

Titus ya yi waldar guntun ƙarfe a ƙarƙashin totur ya rufe da kafet, yadda in yaro ya taka zai ji ya kai ƙarshe, alhali ko rabi bai kai ba. Sannan ya taɓa allurar maleji, ta zama mai saurin fushi, da an motsa sai ta haye sama. Da aka fita gwaji, Abdulgafar ya dawo idonsa na ƙyalli.

"Oga Titus, na ƙure maleji, amma kamar a kan katifa nake!"

"Haka babbar mota take. In kana jin gudu, to motar ƙarama ce."

Mataki na 4: Tsare salansa kamar yadda kake tsare aljihunka a kasuwa

A nan Malam Bakari ya yi sakaci. Hudu ya ba da shawara, yaron ya yanke salansa, wato bututun da ke rage ƙarar mota, ba tare da sanin kowa ba, wai motar tsere sai da murya. Da yamma ya kunna ta a ƙofar gida, ta yi tari, sannan ta saki wata ƙara, dum!

Mai ƙosai ta bar kaskonta a kan wuta. Mai shayi ya shige ƙarƙashin tebur da butarsa. Wani mai wankin hula ya tsallake katangar da ya daɗe yana cewa ta yi masa tsayi. Malam Bakari kansa a cikin kwata ya tsinci kansa, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ƙwala wa Kadijatu kira ta kwanta a ƙasa. Wayoyi suka yi ta ƙara daga 'yan'uwa na nesa ana tambayar mutum nawa abin ya shafa.

Bayan magariba mai unguwa ya zo da dattawa. Kada ka kare ɗanka. Sunkuyar da kai ka bar su su yi maka aikinka. Washegari aka mayar da salansa, Titus ya ƙara mata ta biyu kyauta. Motar ta koma numfashi kamar jariri mai barci.

Mataki na 5: Horar da direba

Zai so baƙin gilashi. A garin da ko'ina shingen bincike ne da buhunan yashi, baƙin gilashi gayyatar bindiga ne. Ka sa bakanike ya ce yana ƙara wa mota nauyi. In bakanike ne ya faɗa, karatu ne. In kai ne, tsufa ne.

Sannan ka ƙirƙiro ciwon gwiwa. Kullum sai ya kai ka kasuwa, ta shinge bayan shinge, har jikinsa ya saba: rage gudu tun daga nesa, sauke gilashi, hannu a kan sitiyari, gaisuwa da ladabi. In ya yi ƙorafi ka ce masu tseren Turai ma da haka suke farawa. Ba wanda zai je ya tambayo.

Mataki na 6: Ranar tsere, shiga motar

Samarin sun sa ranar Lahadi bayan la'asar, a wani sabon titi a bayan gari, daga gidan man da aka rufe zuwa wata babbar kuka. Wanda ya fara taɓa kukar, ragon da suka yi karo-karo suka saya nasa ne.

Malam Bakari bai iya cin abincin rana ba. Ya sa babbar riga ya fito ya buɗe ƙofar motar ya zauna.

"Baba, tsere fa zan je."

"Na sani. Akwai wani mai harawa can wajen kukar da nake son gani. Rage min hanya."

Da suka isa, Hudu ya leƙo ta taga ya fashe da dariya. "Abdul, har da ɗan rakiya? Baba, ina wuni. A riƙe hula da kyau!"

Aka ɗaga ƙyalle. Motoci suka yi kururuwa suka ɓace cikin ƙura. Motar Abdulgafar ta bi bayansu a natse, allurar maleji na karkarwa a can ƙarshe.

"Baba, na ƙure ta fa! Su wace irin mota gare su?"

"Aljanu ne. Kai dai riƙe hannunka."

Abin da samarin ba su sani ba, da safiyar nan aka kafa sabon shinge bayan kwanar da ke gaba. Ka tuna shekarun da ake ciki. Jami'an tsaro sun hango ayarin motoci sun nufo su a guje, ba lamba, ba alamar tsayawa.

Malam Bakari ya ji ƙarar harbi sama, sannan kukan tayoyi. Carbin hannunsa ya tsaya. Da suka karyo kwanar, sai ga motoci a warwatse, wata hancinta cikin buhunan yashi, samari kuma kwance a kan kwalta. Ya fara duba su ɗaya bayan ɗaya da ido, yana neman wanda ba ya motsi. Duk suna motsi. Hannuwansu na kan ƙeya, Hudu na ta rantsuwa cewa shi ko kaza bai taɓa yankawa ba.

Abdulgafar kuwa, ba tare da an ce masa komai ba, ya rage gudu, ya sauke gilashi, ya ɗora hannu a kan sitiyari.

"Sannunku da aiki."

Jami'in ya leƙo ya ga dattijo da babbar riga da carbi. "Baba, ina zuwa?"

"Wajen mai harawa, ɗana."

"Ku wuce. Ka ga yaron kirki. Ba irin waɗannan ba."

Haka suka isa kukar su kaɗai. Abdulgafar ya fita ya taɓa ta, ya daɗe bai cire hannunsa ba. Malam Bakari ya juya baya, ya ce ƙura ce ta shiga masa ido, ya tafi neman mai harawar da babu shi.

Mataki na 7: In ya ci tseren bisa kuskure

Wannan ba ya cikin shiri, amma yana faruwa. Sauran sun sha tsallen kwaɗo har iyayensu suka zo suka karɓe su. Rago ya zo gidan Malam Bakari a kujerar gaba, Kadijatu ta yi guɗa ƙasa-ƙasa a cikin kicin don kada a ce ta yi wa ɗan fari.

Kada ka firgita. Labari ya bazu cewa sirrin yana hannun Titus, domin duk wanda ya ci shi ake kwaikwayo, ba a tambayar yadda aka yi. Samarin suka yi layi a garejinsa. Iyayensu kuwa, waɗanda Malam Bakari ya raɗa wa magana a bakin shinge, sun riga su zuwa tun da sassafe, kowa yana waiwaye.

A tseren da ya biyo baya, wanda aka nemi izini kafin a yi, wata Keke Napep ɗauke da buhunan albasa ta wuce su gaba ɗaya. Direbanta ya ɗaga musu hannu ya ce, "Sannunku da ƙoƙari!" Samarin suka sauko suna tafawa, kowa na rantsuwa ya ƙure maleji, suka yi ittifaƙi cewa mai Keken asiri gare shi.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai san wani Titus ba, bai taɓa shiga kwata ba, kuma in ka je Malam Inna neman Malam Bakari za a ce maka ya yi tafiya. In motarka ta ƙi hawa tudu, ko ka makara ɗaurin aure, ko mai albasa ya raina zuriyarka, ba ruwansa. Haka nan in wata rana ɗanka ya ɗaga kafet, ya zo ya durƙusa a gabanka da guntun ƙarfe a hannu ya ce, "Baba, me ya sa?", kada ka zo nema a nan. Babu mataki na takwas. Sai ka buɗe baki ka faɗa masa.