Taɓon Akurkin Tasalla

Akwai wani tela a unguwarmu, can Malumfashi, ana ce masa Malam Barau. Mutum ne marar hayaniya, ko akuya ce ta ci masa tsumma sai dai ya ce mata Allah ya isa a zuci. Abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne, wato zauren gidansa. Duk layin shi kaɗai ne zauren da aka yi wa daɓen siminti, rufinsa kuma ba ya yoyo. Saboda haka da zarar damina ta kankama, majalisar dattawan layin sai ta tashi daga gindin dalbejiya ta koma can. Bayan la'asar za ka tarar da su jere a kan tabarma, ana fasa goro ana gyara duniya, Malam Barau yana zaune a bakin ƙofar cikin gida yana jin kansa wani ne. Da rani ba mai neman ra'ayinsa a kan komai. Da damina kuwa, ko tari ya yi sai wani ya ce, "Wannan gaskiya ne, Malam."

Matarsa Tasalla tana kiwon kaji. Nata ne, ba nasa ba, kuma ba ta bari ya manta. An kewaye musu wuri da kara da tsohuwar waya a can ƙuryar gida, jikin katanga, daidai inda duk ruwan gidan yake zuwa ya kwanta. Da marka ta sauka, sai wurin ya zama taɓo zalla. Kaji suka koma yawo da dunƙulen laka a ƙafafu, zakara in zai yi cara sai ya fara neman inda zai tsaya tukuna. Ƙwai ya ɗauke. Daga nan mura ta shiga, aka wayi gari wasu 'yan tsaki sun miƙe ƙafa.

Rannan da safe Tasalla ta ajiye masa koko, ba ta koma ba, ta tsaya a kansa.

"Malam, ka ga akurkin nan kuwa?"

"Na gani. Damina ce, za ta wuce."

"Kajina za su riga ta wucewa. Tun bara ka ce za ka gyara." Ta gyara ɗaurin zane. "To ni dai na duba gidan nan kaf, wuri ɗaya ne busasshe. In Juma'a ta zo ƙafar kazata tana nutsewa, wallahi zaure za su koma."

Ya ajiye kokon. Malam Barau ya san matarsa, ba ta yawan rantsuwa, shi ya sa in ta yi ba ta kaffara. Ya kuma san in kaza ta taka zauren nan, majalisa za ta kwashe ta koma barandar shagon Alhaji Dikko, shi kuma ya koma Barau tela, mai zama a gefen benci. Tsoro ya kama shi sosai.

Da la'asar ya kai kuka gaban majalisa, amma bai ambaci zancen zaure ba. Ka san gidajenmu, namiji baƙo iyakarsa zaure, ba shiga. Cikin dattawan nan babu wanda ya taɓa ganin akurkin Tasalla da idonsa, ko girmansa ba su sani ba. Wannan bai hana kowa sanin maganinsa ba.

Alhaji Dikko, mai shagon kayan masarufi, shi ya fara, don shi ne ke fara komai. "Ɗan wannan ne ya hana ka barci? Wurin ne ya yi kwari. Ka sa a kawo maka jar ƙasa ka cike shi, ya yi tudu. Ruwa ai ba ya hawa tudu."

Aka ce gaskiya ne. Washegari Malam Barau bai buɗe shago ba. Ya aro baro, ya yi ta jigilar jar ƙasa daga kududdufin bayan gari har kafaɗunsa suka sage. Ya baza ta, wuri ya yi ja, ya yi kyau. Da yamma hadari ya haɗo, aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye taɓo yana nan inda yake, sai dai da baƙi ne, yanzu ya koma ja, ya kuma ƙara danƙo. Farar kazar Tasalla ta fito ja har wuya.

Tasalla ta leƙa, ta ce, "Sannu da aiki, Malam. An canza musu launi."

Ya koma majalisa. Alhaji Dikko ya ce ai ƙasar ce ba ta isa ba. Amma Lado mahauci ya girgiza kai.

"Ƙasa kaɗai ba ta shan ruwa. Busasshiyar ciyawa za ka samu, ka daddatse ta ƙanana, ka watsa ko'ina. Ka ƙara da ƙaiƙayi in akwai. Mu haka muke yi wa turken shanu."

Aka ce wannan ma gaskiya ne. Malam Barau ya nemo ciyawa, ya zauna da adda yana datsa, tela guda, mai yankan shadda. Ya watsa, ya bi da ƙaiƙayi. Kaji suka ga abin tono ya samu, suka duƙufa ba ji ba gani. Kafin azahar sun cuɗe ciyawar da lakar tas, suka ƙara da nasu kashin kyauta.

Da ya sake komawa majalisa, sai Malam Sallau, tsohon ɗan dako, wanda ba ya magana sai an gama, ya kawo tasa.

"Duk kun yi daidai, abu ɗaya kuka manta. Ba a tattake ba. Ƙasa in ba ta sha ƙafa ba, ba ta zama. Ka naɗe wando ka shiga, ka bi ta lungu-lungu. In ka gama ka rufe ta da tsofaffin buhuna ta kwana, ta huce."

Kai, jama'a! Da ka ga Malam Barau rannan da ka tausaya masa. Dattijo da furfurarsa, wando naɗe har gwiwa, yana dafe da katanga yana taka laka, ɗaga wannan, sauke wancan, kaji sun hau kan kara sun zuba masa ido. Tun abin yana caɓal-caɓal har ya koma yana kama ƙafa, in ya zaro sai ka ji ɓut. Shi kuwa a ransa murna yake, yana cewa ta fara kamawa.

Yana cikin haka sai ya ji sallama ta saman katanga. Maƙwabcinsa ne, Tanimu, wanda ruwan makon jiya ya zubar wa da gefen ɗakin girki, ya hau tsani yana duba ɓarna. Tanimu ya daɗe yana kallon abin da ke ƙarƙashin ƙafar Malam Barau, sannan ya ce a ɗan miƙo masa. Aka miƙa masa dunƙule. Ya matsa, ya murza, ya ja ya ga yadda ciyawar ta riƙe, har da sunsunawa.

"Malam, gini za ka yi ba ka faɗa mana ba?"

"Wane irin gini? Taɓo nake kashewa."

"Taɓo?" Tanimu ya sake murzawa. "Jar ƙasa, ga ciyawa, ga taki, ga ta sha ƙafa. Rabon da in ga kwaɓin ƙasar gini mai kyan wannan tun ina yaro. Don Allah in ta kwana a sammini baro biyu in yaɓe ɗakin girki."

Malam Barau ya tsaya cak a tsakiyar akurki, ya dubi ƙafafunsa. Ya so ya fita da sauri, ƙasar ta ƙi sakinsa, sai da Tasalla ta miƙo masa taɓarya ya kama.

Ranar Juma'a ya dawo daga masallaci, tun daga bakin layi ya jiyo cara daga inda bai kamata ba. Ya leƙa zaure. An naɗe tabarmin majalisa an jingine a lungu, an tare ƙofar waje da tsohon ƙyaure, an watsa dusa a kan siminti. Kaji suna ta kaiwa da komowa, ƙafa a bushe. Wata mai kwanci ta samu wuri daidai inda Alhaji Dikko yake jingina, ta lumshe ido. Malam Barau ya ɗauko 'yar kujera ya zauna a bakin ƙofa, ƙarƙashin ɗan abin da ya rage na inuwar rufi.

La'asar na yi sai ga majalisa, ana yayyafi, kowa ya ɗora hannun riga a ka. Alhaji Dikko ne a gaba. Ya cire takalmi ɗaya, ya ɗaga ƙafa zai shiga, zakara ya miƙe wuya ya dube shi. Alhaji ya mai da ƙafarsa cikin takalmi.

"Barau, mene ne haka?"

Yau ko Malam ɗin babu. Malam Barau ya ji, ya haɗiye.

"Kaji ne, Alhaji."

"Na ga kaji ne! A zaure? Wallahi ka ba da maza. Da ka bi abin da na faɗa maka yadda na faɗa, da ba a kai ga haka ba."

"Ciyawar ce bai sa da yawa ba," in ji Lado.

"Bai tattake da kyau ba ne," in ji Malam Sallau.

Ruwa ya fara ƙarfi. Alhaji Dikko ya share fuska, ya ce cikin fushi, "To yanzu mu da girmanmu, kaji a kan siminti, a ina kake so mu zauna?"

Malam Barau ya tashi, ya kawar da kujerarsa daga hanya, ya nuna musu cikin gida da ladabi.

"Yau na yafe muku ba-shiga. Ku wuce can ƙurya, Alhaji. Duk abin da kuka ce a shimfiɗa na shimfiɗa, ko kaza ba ta zauna muku a kai ba."