Randar da Na Cusa wa Sabulu

Tun faɗuwar damina nake cikin zullumi, don ruwan rijiyarmu ya yi laka, cikin 'yata Ummi kuwa ba ya jure komai.

Ana haka ƙanin mijina Nura ya zo hutu daga jami'a. Ya ce wani farin gari suke haɗawa da sinadarin yashi, kowace ƙwaya cike da ramukan da ido ba ya gani, har datti suna kamawa. Wai sabulu ake sawa ya dunƙule a ruwa, sinadarin ya daskare a jikinsa, sai a ƙone sabulun, gurbinsa ya zama rami. Girman dunƙulen, girman ramin.

Na ce a raina, ashe iyakar karatun ke nan? Ni da kakata maginiyar tukwane ce! Na kwaɓa yumɓu, na cusa sabulun salo guntu-guntu kamar ƙuli-ƙuli, don ruwa ya riƙa tacewa da sauri. Na gina randa, aka gasa, na tara maƙwabta.

Bokiti guda na juye. Ta ko'ina ruwan ya ɓulle, har kan tabarmar surukata Inna.

"Matar Yaya, rami na ce, ba taga ba!" in ji Nura.

Inna ta matse zaninta, ta ce, "Sannu da aiki, Farfesa."

Yanzu 'yan tsaki ke kwana a randar, ruwan Ummi kuwa tafasa shi nake yi. Don Allah in kun zo garinmu, ku tambayi gidan Maman Ummi. Kada ku ce gidan Farfesa, ko da yake shi yara suka fi sani.